Yadda ake tanadin kuɗin haihuwa tun ciki na ƙarami

Wani ƙanena mai sayar da kayan waya a Birnin Kebbi ya kira ni da daddare wai iyali ta samu juna biyu, ko barka ban gama yi masa ba ya jefo min tambaya, yaya nawa rago yake yanzu? Na ce kai ka faro daga wutsiya. Rago na ranar bakwai ne, kafin nan akwai watanni na awo akwai daren naƙuda, kuma can ne ake kunyata magidanci. Ga yadda na tsara masa, ni ma haka na yi a haihuwar ɗiyata ta uku bayan na sha wuya a biyun farko.

Da farko ku zauna kai da ita da biro da takarda, ku raba lissafin gida uku: asibiti, jego, suna. A haka za su jeru, kar ka yarda suna ya hau gaba.

Sai ka fara ajiya daga ranar da aka tabbatar da cikin. Naira 500 kullum tsawon wata bakwai ta haura dubu ɗari, wanda ke da hali ya ninka. In adashe kake yi ka roƙi uwar adashe ta sa kwasarka a wata na bakwai ko na takwas, ba bayan haihuwa ba. Mai albashi kuwa ya cire nasa ranar da alat ya shigo kafin masu bashi su ji ƙamshi, don ko mafi ƙarancin albashin Kebbi na dubu 75 da aka amince da shi a 2024 ba ya kai ƙarshen wata tunda aka cire tallafin mai a 2023, kowa ya sani.

Daga nan awo. Ta fara da wuri a asibitin shan magani na unguwa, ya fi sauƙi kuma in sun ga matsala su za su tura ku asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya. Ka ware na kati, gwajin jini da na fitsari, sikanin, da kuɗin mashin ko keke napep, wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa alhali shi ke cin aljihu a hankali. Ka leƙa ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ka tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya, ma'aikaci ya duba ko sunan matarsa na ciki. Ma'aikatan jinya za su ba ta jerin kayan haihuwa, safar hannu, audugar mata, leda ta shimfiɗa, Dettol, zannuwa, ku dinga sayen ɗaya ɗaya duk sati.

To ga inda na fi so ka buɗe kunne. Ka ware wani kuɗi daban wanda ko ita ba za ta taɓa ba ko kai, na ko ta kwana. Haihuwa ba ta da alƙawari, ana iya cewa sai tiyata ko ana buƙatar jini leda biyu ƙarfe biyun dare, lokacin ba mai POS a buɗe kuma wanda kake tunanin zai ranta maka wayarsa a kashe. Ka san rukunin jininta, ka yi magana da 'yan uwa biyu da za su iya bayarwa, ka riƙe lambar mai mota na unguwa. In a ƙauye kuke ta wajen Bunza ko Dakingari, ko za ta je goyon ciki gidansu, wannan kuɗin ya bi ta can, kar ya zauna a aljihunka a birni. In Allah ya sa ta sauka lafiya, shi ke nan ka samu na rago.

Jego kuma itace ne da abinci. Wankan jego na kwana arba'in yana cin itace ba kaɗan ba, ka saya kafin damina. Gero na kunun kanwa da kayan yaji a saye su da kaka lokacin da suke araha a Jega, kauri kuma gwargwadon ƙarfinka.

Sai suna. Rago ɗaya ya isa ko mace ko namiji, haka malamanmu na Malikiyya suka karantar, kuma wanda bai da hali ba a ɗora masa ba. In ka lissafa haihuwar za ta faɗo kusa da babbar sallah, sayi ɗan tsaka-tsaki tun yanzu ka kiwata da dusa da harawa. Goro, dabino, ladan wanzami, atamfar fitar suna guda ɗaya mai kyau. Anko da kanofi da DJ kuwa ni dai ban sa su a takardar ƙanena ba, gwaggonmu ta yi ta faɗa a waya har ta gaji.

Rigakafin jariri kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma nonon uwa zalla wata shida zai raba ka da madarar gwangwani, sai dai ita mai shayarwar ta ƙoshi. Pampers a bar shi na fita unguwa da na dare, da rana napkin na wankewa, sabulu kawai za ka ƙara a cefane.