Yadda Ake Neman Tallafin Binciken Digirin Digirgir Kan Manufofin Kiwon Lafiya a Amurka

Ɗalibin da ke digirin digirgir a fannin aikin jin daɗin jama'a a Amurka, wanda bincikensa ya shafi manufofin kiwon lafiya, yana da wuraren neman tallafi da dama, sai dai ba kowanne ne ya cancanci nema ba. Saboda haka, kafin ka fara rubuta komai, karanta sharuɗɗan cancanta da kyau, musamman batun zama ɗan ƙasa. Tallafin R36 na AHRQ, hukumar bincike kan ingancin kula da lafiya, wanda a da yake kaiwa dala 40,000, da na F31 na NIH, cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa, duka na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Wanda ya zo da bizar karatu gara ya mayar da hankali ga tallafin cikin jami'arsa, mata kuma su duba na AAUW, ƙungiyar matan da suka yi karatun jami'a a Amurka, wadda ta ware wani kaso domin matan da ba 'yan Amurka ba.

Bayan haka sai ka dubi matakin da kake. Shirin gidauniyar Robert Wood Johnson na masu nazarin manufofin lafiya ya riƙa ɗaukar ɗalibai ne tun a farkon karatu, yana ba da dala 30,000 a shekara har zuwa shekara huɗu. Tallafin Jane B. Aron na gidauniyar NASW, ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta ƙasa, kuwa na wanda ya kai ga rubuta kundinsa ne, kuma dole ya kasance ɗan ƙungiyar. Adadin kuɗi da ranakun rufewa suna sauyawa, don haka ka tabbatar da su a sanarwar shekarar da kake nema.

Babban aikin yana cikin takardar bayanin binciken, kuma a ganina a nan ne ɗaliban wannan fanni suka fi yi wa kansu asara. Da yawa suna cika shafuka da bayanin wahalar da marasa galihu ke sha, abin da masu tantancewa suka riga suka sani, su manta da nuna wace doka ko wane tsari ne sakamakon zai taɓa. Ɗauki misalin Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati domin masu ƙaramin ƙarfi, wanda aka kafa a 1965. Dokar lafiya ta 2010 ta faɗaɗa shi, amma hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar wa kowace jiha zaɓin shiga ko ƙi. Ɗalibin da ya ce zai kwatanta jihar da ta shiga da wadda ta ƙi, domin gano yadda masu larurar taɓin hankali ke samun magani, ya kawo tambayar da za a iya aunawa, wadda kuma ɗan majalisa zai iya aiki da amsarta.

Kasafin kuɗin ya zama dalla-dalla: ladan waɗanda za a yi hira da su, kuɗin rubuta hirarrakin, da na sayen bayanai daga CMS, hukumar da ke kula da Medicaid, idan da buƙata. Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, domin wasu masu ba da tallafin, irin su asusun Fahs-Beck, suna neman shaidarta. Tallafin gwamnatin tarayya kuma ta ofishin bincike na jami'a ake miƙa shi, ofishin yana da nasa wa'adin da ke riga na hukumar, saboda haka ka sanar da su da malamin da ke duba aikinka watanni kafin ranar rufewa.