Yadda za ka tura bincikenka na tarihin jarida zuwa taron masana

Tsakuren da na fara turawa wani taron masana a ƙasar waje, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da nake son gabatarwa, da layi biyu aka dawo mini da shi: batun yana da kyau, amma ba mu ga abin da marubucin ya gano ba. Na yi kwana uku ina cin magani a gida. Da zuciya ta sauka na sake karantawa, sai na ga gaskiyarsu. Kalma ɗari uku aka ba ni, na cinye ɗari biyu ina labarin yadda aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da Abubakar Imam, da Rupert East. Masu tantancewa sun san wannan tun ina makarantar firamare.

Abin da ba su sani ba yana cikin adakar wani tsohon tela a unguwarmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru: ƙunshin tsoffin Gaskiya da direbobi ke kawo masa daga Yola, an ɗaure da tsumman atamfa, gara ta cinye gefe guda. A saman wasu shafuka ya rubuta da ajami ranar da aka karanta wa jama'a a bakin shagonsa. Jaridar Najeriya, ƙasar da ake aiki da Ingilishi, da Hausar boko, ana karanta ta da ƙarfi a garin da gwamnati ke magana da Faransanci. Wannan ne binciken, ni kuwa na tura shi can layin ƙarshe kamar abin kunya.

Don haka ka fara tsakurenka da abin da ke hannunka. Jimlar farko ta faɗi tambayarka, ta biyu ta faɗi inda ka samo amsa: wace jarida, daga wace shekara zuwa wace, fitowa nawa ka karanta, a ina take ajiye. Idan Cameroon Tribune ce, wadda ta fara fitowa a 1974, kada ka ce za ka duba tarihinta gaba ɗaya, minti goma sha biyar ko ashirin za a ba ka a zauren. Ɗauki shekara biyu ko uku, misali kafin dokar 19 ga Disamba 1990 kan 'yancin yaɗa labarai da kuma bayanta, ka nuna yadda labaran Arewacin Kamaru suka sauya ko suka ƙi sauyawa. Haka ɗan'uwanmu na Chadi da ke aiki kan N'Djaména Hebdo. Sannan ka guji "za mu yi ƙoƙarin dubawa". Rubuta "na samu cewa", ko da rabin aikin ka yi. Mai tantancewa yana da tulin tsakure a gabansa, ba ya sayen kifi a ruwa.

Mu da tarihin aikin jaridarmu ya fi zama a rediyo da bakin tsofaffi, akwai ƙarin aiki. Idan hira ka yi da tsoffin masu gabatar da shirin Hausa ko Fulatanci, ko masu sauraron da suka saba kama Kaduna da BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, ka faɗi mutum nawa, da wane harshe, kuma da me ka gwada maganarsu. Wasiƙar mai sauraro guda ɗaya mai kwanan wata ta fi shafi guda na yabon zamanin da.

Wajen zaɓen taro, karanta sanarwar neman maƙalu sau biyu, da biro a hannu. Ƙungiyar IAMCR ta masu binciken harkar yaɗa labarai a duniya, wadda aka kafa a 1957, tana da sashen tarihi, taronta kan faɗo tsakiyar shekara, ana rufe karɓar tsakure watanni kafin nan. Harsunanta Ingilishi ne da Faransanci da Sifaniyanci, sai dai ka duba wanda sashenka ke karɓa. AJHA ta masana tarihin jarida a Amurka da Ingilishi take aiki, tana karɓar cikakkiyar maƙala, tana kuma da gurbin binciken da bai kammala ba. Ni dai shawarata ga mai farawa, ya gwada bakinsa a gida tukuna, a tarukan jami'o'in Ngaundare da Marwa, inda za a yi masa tambayar da za ta ƙona shi amma kuɗin mota kawai ya kashe.

Cire sunanka daga takardar, don ba a so mai tantancewa ya san ko kai wane ne. Ba shafin farko kaɗai ba: kwamfuta na ɓoye sunan mai ita a bayanan fayil, ka shiga ka goge. Kada kuma ka rubuta "kamar yadda na nuna a kundina". Idan Ingilishinka na makaranta ne irin nawa, ka ba wani ya duba, amma ka zauna kusa da shi. Wani ya taɓa gyara mini "ajami" ya mayar da shi "Larabci", da na bari da ya rushe maganar duka.

Ranar rufewa kuwa, duba da agogon wace ƙasa ake lissafi, ka tura saura kwana uku. Wutar Garwa a watan Maris ba ta san kana da alƙawari ba. Ka adana saƙon da ke tabbatar da an karɓa.

Idan aka amsa, a ranar ka nemi takardar gayyata da ta neman tallafin tafiya, don biza a Yawunde ake nemanta, ga mota zuwa Ngaundare, ga kwanan jirgin ƙasa, ga jiran layi. Kuɗin rajista da kati ake biya, yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, ka lissafa tun kafin ka yi wa maiɗakinka albishir.

Karo na biyu da na tura, da adakar telan na buɗe tsakuren. A zauren ma hoton shafi ɗaya na haska a bango, da cin garar da ajamin, aka yi ta tambayata wa ke karantawa, su wa ke zaune suna ji.