Yadda Ake Zaɓar wa Kyanwa Suna Mai Daɗi a Gidan Bakano

A yawancin gidajen cikin birnin Kano, kyanwa takan shekara goma tana kama ɓera a ɗakin ajiya, tana kwanciya a gindin randa idan zafi ya tsananta, ba tare da kowa ya taɓa raɗa mata suna ba. Mage ce kawai, idan namiji ne a ce muzuru, in ana son ta zo kuma a yi mata “mus-mus”. Yanzu abin ya fara sauyawa, domin matasa da matan aure da yawa suna kiwon kyanwa don sha'awa, wasu har sukan sayi mai dogon gashin nan 'yar asalin Farisa, kuma duk wanda ya kai tasa asibitin dabbobi zai tarar da gurbin suna a katin da za a buɗe mata. A nan ne mutum yakan tsaya yana lalube, sai ya ɗauko sunan da ya ji a waya ko a talabijin, alhali harshenmu cike yake da sunayen da suka fi wancan daɗin faɗa da ma'ana.

Kada a ɗauka cewa sunan don mai kyanwa kaɗai ake sa shi. A shekarar 2019 wata masaniya a Jami'ar Sophia da ke birnin Tokyo na ƙasar Japan, Atsuko Saito, ita da abokan aikinta suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan kyanwoyi. Sukan jera wa kyanwa kalmomi huɗu masu tsawo da amo irin na sunanta, har ta gaji da saurare, sannan su ambaci sunan, sai a ga ta motsa kunne ko ta juyo da kai, ko da muryar ta baƙo ce. Ke nan tana bambance sautin sunanta da sauran maganganu, kuma wannan ne ya sa zaɓen ya cancanci a yi shi da natsuwa.

Abu na farko shi ne kada a yi gaggawa. Mu da muke jiran kwana bakwai kafin a raɗa wa jariri suna bai kamata mako guda ya yi mana yawa wajen lura da 'yar kyanwa ba. A cikin kwanakin nan za a ga halinta: ko mai ƙiriniya ce da ke hawa labule da buhun shinkafa, ko mai kunya ce da ke shigewa ƙarƙashin gado da zarar an yi sallama, ko kuma mai son jiki ce da ba ta rabuwa da cinyar mutane. Za a kuma tabbatar ko mace ce ko namiji, domin a ƙuruciya sukan rikitar da mutum. Idan aka ɗaga wutsiya a hankali, kafofin biyu na mace, wato ta kashi da ta fitsari, suna kusa da juna, na ƙasan a tsage yake a tsaye, na namiji kuwa akwai 'yar tazara tsakaninsu. Launin gashi ma yakan taimaka, domin kyanwa mai launi uku, baƙi da fari da ruwan goro a haɗe, kusan kullum mace ce, masu ruwan goro zalla kuma galibinsu maza ne. Wanda yake so ya sa suna saboda launin ido sai ya ƙara haƙuri, domin duk 'ya'yan kyanwa da ido shuɗi-shuɗi suke farawa, sai bayan mako shida zuwa bakwai ainihin launin yake soma bayyana.

Daga nan sai a dubi sautin sunan, wanda a ganina ya fi ma'anarsa muhimmanci ga ita kyanwar. Suna mai gaɓa biyu ya fi sauƙin kira da sauƙin ganewa, mai gaɓa uku ma ba laifi, abin da ya wuce haka kuwa ba a rasa taƙaita shi cikin kwana biyu, sai kowa a gidan ya taƙaita yadda ya ga dama. Kunnen kyanwa yana kama siririn sautin da ya ninka iyakar abin da kunnen mutum ke ji kusan sau uku, shi ya sa take jin kukan ɓera a cikin rufi mu ba mu ji ba, kuma ta fi saurin juyowa idan aka kira ta da siririyar murya. Hausa ta yi mana gata a nan, tunda kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, ana iya jan ƙarshensu a ɗaga murya. A gwada faɗin “Saƙi” ko “Shuni” ko “Kili” daga bakin ƙofar ɗaki, za a ji yadda suke tafiya har zaure ba tare da an yi ihu ba.

Wajen samo sunan kuwa, Kano ba ta bar mu da talauci ba. Mafi kusa shi ne launi, amma maimakon a tsaya a Fara da Baƙa, sai a leƙa kalmomin masu sana'a. Marinar Ƙofar Mata da masaƙan gargajiya sun bar mana Shuni da Turkuɗi da Saƙi da Tsamiya. Saƙi, wato saƙar nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabuwa, ya dace ƙwarai da kyanwa mai ratsi-ratsi, Shuni ya dace da mai ruwan toka da ke ɗaukar ido, Tsamiya kuma da mai launin ƙasa-ƙasa mai haske irin na rigar tsamiya. Masu dawakin da muke kallo a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa suna kiran baƙin doki akawal, farin kuma kili, kuma ban san sunan da ya fi Akawal dacewa da baƙin muzuru mai sheƙi da takama ba. Wanda ya bi layin 'yan turare da 'yan kayan ado a Kasuwar Kurmi zai fito da Almiski da Ambar da Murjani da Azurfa da Zinariya, sunaye masu ƙamshi da nauyi waɗanda suka dace da mai dogon gashi da ke tafiya kamar ba ta son taka ƙasa.

Kayan zaƙi ma taska ne, musamman ga kyanwar da yara za su riƙa wasa da ita. Alkaki da Nakiya da Dubulan, waɗanda ake kai wa amarya a gara, duk sun zauna daram a baki, haka Zuma da Dabino da Aya da Kantu. Fara tas mai laushi ana iya ce mata Kindirmo ko Auduga, mai faɗin fuska kuma Gurasa, sunan da duk wanda ya san Jakara zai yi murmushi idan ya ji. Sama ma ta ba mu Wata da Tauraruwa da Gamzaki, tauraron asuba, wanda ya yi daidai da muzurun da ke tashin mutane kafin kiran sallar farko.

Akwai kuma tsohuwar hanyar Bahaushe ta sa suna gwargwadon lokaci ko yanayin zuwa. Wadda aka tsinta ana tsakiyar ruwan Agusta ana iya ce mata Marka, wadda ta zo da sanyin hunturu a ce Hazo. Kyanwa tana da yatsu biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya, amma akan sami wadda aka haifa da ƙari, irin wannan kuwa sunanta ya riga ya zo da ita, Cindo. Sunayen ranaku irin su Lami da Ladi da Jummai da Talatu da Asabe suna da daɗi, kuma karin maganar nan ta kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, ta sa sunan Lami ya riga ya saba da kyanwa a kunnenmu. Sai dai waɗannan sunayen mutane ne, don haka suna buƙatar taka-tsantsan ɗin da zan yi bayani yanzu.

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so mai karatu ya riƙe. Gidajenmu na cikin gari katanga ɗaya ce ke raba su, abin da aka faɗa a tsakar gida maƙwabta uku sun ji shi. Sunan kyanwa kuwa ba a ɗaki ake raɗa shi ba, ana ɗaga murya da shi safe da yamma, wani lokaci ana haɗa shi da kora idan ta sa baki a tukunya. Saboda haka kafin a tsayar da suna, a zauna a lissafa sunayen mutanen gidan da na maƙwabta da na surukai, har da sunayen alkunya irin su Ummi da Abba da Walida da Baffa da Nana, waɗanda ake sa wa yara don a sakaya sunan iyaye da kakanni. Na taɓa sa wa wata 'yar kyanwa suna ban san cewa lakabin kakar maƙwabtanmu ba ne, tsohuwar ba ta ce komai ba, amma jikarta ta shigo ta yi mini magana cikin ladabi, kuma na ji nauyin abin ƙwarai, a ranar na sauya. A gidan da ake zaune da abokiyar zama kuma, a guji sunan habaici, domin dabbar ba ta san dawan garin ba, amma ita za ta sha duka da tsangwama a madadin mai ita.

Sunayen Allah da na annabawa da na sahabbai da na iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a sa wa dabba su, wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga Bakano. Ba don an raina kyanwa ba ne, domin tana da matsayi a addini. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi an san shi da Abu Huraira ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba har ta mutu. Haka nan sarautun da ke da masu riƙe da su a fadar Kano, kamar Madaki da Makama da Galadima da Wambai, a bar su ga masu su. Gimbiya ko Yarima, da yake sun zama kalmomin yabo na yau da kullum, ba su cika tayar da ƙura ba.

Ina kuma roƙon masu baƙar kyanwa da kada su sa mata suna irin su Mayya ko Aljana ko da da wasa ne. Camfin da ke danganta baƙar mage da iskoki yana nan da ransa a unguwanni, kuma suna irin wannan izini ne ga yaran layi su bi ta da jifa. Almiski ko Kwalli ko Akawal sun fi, domin suna sa mai ji ya kalli baƙin a matsayin ado.

Wanda ransa ya fi kwanta wa sunan wani harshe ba a hana shi ba, sharaɗin kawai ya san ma'anarsa kuma tsofaffin gidan su iya faɗa. Simba zaki ne da Swahili, Luna wata ne da Latin, Najma tauraruwa ce da Larabci, Lewru kuma wata ne da Fulatanci. Sunan da Hajiya ba za ta iya furtawa ba, ita za ta sauya shi da nata, kuma nata ne zai bi kyanwar tunda ita ke wuni a gida.

Idan kyanwoyin sun fi ɗaya, a nisanta sautin sunayensu. Gwajin Japan ɗin nan ya nuna cewa kyanwoyin da ke zaune da yawa a irin shagon shan shayin da ake ajiye kyanwoyi don masu zuwa su yi wasa da su, inda baƙi ke kiran sunaye barkatai, ba su bambance nasu da na 'yan uwansu sosai ba. Zuma da Zuwa ko Kili da Lili za su rikita su, amma Zuma da Saƙi ba za su rikita ba.

Bayan an tsayar da suna sai koyarwa, ita kuwa da abinci ake yin ta. A kira sunan sau ɗaya da murya mai taushi daidai lokacin da za a ajiye mata kwano, idan ta juyo ko ta taho a ba ta ɗan guntun dafaffen kifi ko kaza marar ƙashi, a shafa bayan kunnenta. Kada ladan ya zama kilishi ko tsire ko naman miya, domin albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, suna lalata mata jini. A maimaita haka sau kaɗan a rana, na minti biyu ko uku, ana ƙara tazara daga tabarma zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa tsakar gida. A gaya wa yara su daina rera sunan ba dalili, domin sautin da take ji kullum ba tare da wani abu ya biyo baya ba takan daina kula shi. Idan ta yi ɓarna a kore ta da tafi ko da wata kalma dabam, kada a haɗa sunanta da tsawa. Wadda aka yi mako biyu ana kira ba ta ko motsa kunne ba, musamman fara tas mai shuɗin ido, a kai ta likitan dabbobi ya duba jinta, domin kurumta ta yi yawa a irinsu, kuma irin wannan da alamar hannu ko bugun ƙasa ake kiranta.

Babbar kyanwar da aka karɓo daga wani gida da sunanta ma ana iya sauya mata. A riƙa haɗa sabon da tsohon a lokacin abinci, sabon a gaba, na mako ɗaya ko biyu, sannan a yar da tsohon a ci gaba da sabon shi kaɗai. A kuma sanar da asibitin dabbobi su gyara katinta, domin tarihin allurar rigakafin da aka yi mata ya zauna a ƙarƙashin suna ɗaya.