Yadda ake mayar da gilashin gaba na tsohon lens ɗin kyamara ba tare da ya zauna a karkace ba

Ba zan tsaya maganar kwancewa da wanke fumfuna ba, na ɗauka ka riga ka yi wannan, gilashi na nan kan kyalle kana kallonsa. Wajen mayarwa ne 'yan koyo suke kashe lens.

Da farko gefen da ya yi doro shi ke kallon waje. A Helios 44-2, wani tsohon lens na Tarayyar Soviet, akwai masu juya shi da gangan don bayan hoto ya yi ta wulwulawa, wannan wasa ne daban, kai dai mayar da shi yadda ka same shi. In akwai wata siririyar washa da ta fito daga ƙarƙashi to ita za ta fara shiga, kada ka ce ai ba ta da amfani, masana'anta ce ta sa ta don daidaita tazara.

Hura cikin lens ɗin da bulowar roba, ba da baki ba, yawu zai bi. Fuskar ciki ita za ka fi gogewa da sifirit mai ƙarfi kamar 99% da takardar goge lens, don da zarar ka rufe shikenan, kuma a hankali, shafen da ke kan gilashin tsofaffin lens wani yana da laushi sosai.

To ga inda ake faɗuwa. Mutum zai saki gilashi da yatsu ya faɗa a karkace, gefe ɗaya ya maƙale a bango, sai ya ce bari in ɗaura zobe zai tura shi ya zauna. Ba zai zauna ba, ko dai bakin gilashin ya ɓantare ko hotunanka su riƙa fitowa gefe ɗaya tar ɗaya gefen dishi-dishi. Ka ɗauko shi da 'yar robar nan mai tsotsa, ba ta da tsada ko kaɗan, ka sauke shi a miƙe, sannan ka ɗan juya shi a mazauninsa. In ya juya sumul ya zauna, in ya cije ciro shi ka sake, ko sau nawa ne.

Zoben da ke riƙe shi kuma tiredinsa siriri ne ƙwarai, galibi alminiyom, bai da wuyar cinyewa. Ɗora shi ka fara juyawa baya kamar mai kwancewa har sai ka ji ɗan ƙas, nan tiredi ya haɗu, sai ka yi gaba da yatsa kawai. Ya yi tauri tun zagayen farko? Ya hau ba daidai ba, koma baya. Sifanar lens mai baki biyu sai a ƙarshe, ɗan matsi kaɗan ya isa. Masu sa almakashi ko sukundireba biyu don kada su sayi sifana, ranar da ya zame a kan gilashi za su gane wanne ya fi tsada.

Girgiza lens ɗin kusa da kunne, in ba ƙara to gilashin ya kamu. Yi amfani da roba ka mayar da zoben gaba mai ɗauke da sunan lens, haska tocila ta baya ka duba ƙura, ƙwaya biyu uku ba sa fitowa a hoto kada ka sake buɗewa saboda su. Sai ka ɗora a kyamara ka buɗe idon lens ɗin da haske ke shiga gaba ɗaya, ka ɗauki bangon bulo daga gaba sak, ka duba kusurwoyi huɗun ko kaifinsu ɗaya, sannan ka gwada fokas a kan abu mai nisa.