Kafin ka shiga layi a EPCOT, karanta allon ƙofa

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa wuraren wasan Disney da ke Florida ta Amurka ya san tikitin yini ɗaya ya haura dala 100 kan mutum guda, ga layin da ke cin awa cur a tsakar rana. Yini ɗaya ba ya isa a hau komai, dole a zaɓa. Ni abin da nake zaɓe da shi tambaya biyu ce: wa ya zuba kuɗin gina wannan wasa, kuma har yau yana zubawa?

Fara da allon ƙofa. A ƙarƙashin sunan wasan, da ƙananan haruffa, wani lokaci za ka ga sunan kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Tun da aka buɗe EPCOT, ɗaya daga cikin wuraren wasan Disney ɗin, ranar 1 ga Oktoban 1982 a kan haka aka dasa shi: Exxon ya riƙe ginin makamashi, Kraft na noma, Kodak na tunani da ƙirƙira, General Motors na sufuri. Kamfani yakan sa hannu a kwangilar shekaru, ya taimaka da kuɗin gini da na kulawa, in lokacin sabuntawa ya yi kuma a yi wa wasan kwaskwarima, don ba mai son sunansa a jikin abin da ya tsufa.

General Motors ne bai taɓa barin gininsa ba, kuma abin a bayyane yake. An buɗe wasan mota mai suna Test Track a wurin a 1999, aka sabunta shi a 2012, aka sake sabuntawa a 2025. Motar da kake ciki takan fito waje ta kewaye ginin da gudun da ya ɗan haura kilomita 100 a awa, iska na bugun fuska. In ka sauka kuwa, babu hanyar fita sai ta ɗakin baje kolin motocin kamfanin. Ɗana ya shige wata ƙatuwar mota ya riƙe sitiyari, sai da na lallashe shi da alkawarin askirim ya fito. Ladan mai ɗaukar nauyi ke nan, kuma ban ga laifinsa ba tunda wasan ya yi kyau.

Sai ka bincika a wayarka, tun a masauki, ko mai ɗaukar nauyin ya janye, kuma yaushe. Tarihin wurin ya koya mini tsoron wannan. Kamfanin General Electric ya bar wasan Horizons a 1993. Zuwa Janairun 1999 an rufe shi, daga baya aka rushe. Kamfanin MetLife ya bar ginin Wonders of Life a 2001, aka koma buɗe shi sai lokacin cunkoso, a farkon 2007 aka kulle. Wasan da ya daɗe ba uba, sa ran samunsa yadda aka bar shi. In ka ji labarin za a rufe shi kuma kana ƙaunarsa, hau yanzu.

Amma kada suna ya ruɗe ka. Kodak na nan daram aka rufe wasan Journey into Imagination na asali a 1998, aka dawo da shi a 1999 an datse kusan rabin tafiyar, an kusa kawar da Figment, ɗan dodon nan mai launin shunayya da yara ke so. Jama'a suka yi ta ƙorafi har aka sake gyara a 2002. Sunan kamfani a ƙofa bai gaya maka nawa aka ware ba.

Wannan sai ido da hannu. Kana cikin layi, taɓa bango. Fenti ne a kan katako, ko gini ne na gaske? Je sashen Maroko, ɗaya daga cikin sassan ƙasashe da ke EPCOT, ka ga ma'auni. Gwamnatin ƙasar ce ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 1984, Sarki Hassan na Biyu ya turo magina da masu sassaƙa daga can. Na tsaya a farfajiyar da ke da maɓuɓɓugar ruwa na shafa tayil ɗin: ƙananan gutsattsari ne, shuɗi da kore da fari, kowane an yanke shi da hannu an jera, yatsa na jin gaɓar da ke tsakaninsu. Babu hoton mutum ko dabba a zanen, ga hasumiya irin ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh a tsaye. Wallahi na daɗe a wurin har yara suka gaji da ni. Daga nan duk bangon da na taɓa a ranar, hannuna ya san bambanci.

In ka tsara jerinka, sa wanda aka sabunta kwanan nan a gaba, ka isa ƙofa kafin a buɗe da safe. Test Track musamman kada ka bar shi sai la'asar, domin da bazara hadari kan haɗu a Florida bayan azahar, kuma da an fara walƙiya ake tsayar da shi tunda hanyarsa ta bi ta waje. Maroko ka ajiye ta sai rana ta yi zafi, akwai inuwa a lungunanta.