Yadda ake gane baƙuwar tana a lambu da kai rahotonta a Kumasi

Ba kowace tana ce ke ɓata ƙasa ba. Babbar nan mai duhun baya da ake tonowa a juji da gindin ayaba, Eudrilus eugeniae, 'yar gida ce a Afirka ta Yamma, taki ma take yi mana. A ƙyale ta. Baƙin da ake sa wa ido iri biyu ne.

Akwai Pontoscolex corethrurus, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta bazu a ƙasashe masu zafi. Koɗaɗɗiya ce, ba ta da kuzari, amma inda ta yi yawa kashinta kan danƙare ƙasa har ruwa ya riƙa kwanciya a kan kunya. Sai dangin Amynthas na gabashin Asiya, waɗanda suka addabi dazuzzukan Amurka. Da an taɓa ta sai ta hau wutsil-wutsil kamar maciji, wani lokaci har ta yar da wutsiya. Zoben da ke kusa da kanta fari-fari ne, sumul, ya zagaye jiki duka. Ƙasar da ta cinye kan koma tsaki-tsaki kamar garin rogo, saiwar latas ta rasa abin kamawa.

A fita da sassafe cikin damina, Mayu ko Yuni. Da rani tanar kan nutse cikin ƙasa, a tona a ga wayam. A yanki ƙasa santimita 25 tsawo da faɗi, zurfi 30, a juye a kan buhu, a tsince tanar a ƙirga. Wanda ba ya son tono ya dama garin mastad giram 40 a ruwa lita 4, wato ledar fiya wata takwas, ya zuba a hankali, za su fito da kansu.

Rahoton yana buƙatar hoto, kuma hoton ne ke ba mutane matsala. A ɗauraye tanar, a ɗora a farin faranti kusa da kwabbar sidi ɗaya, zoben ya fito sosai. Ƙarama marar zobe ba a iya gane irinta, kar a wahala. A jefa manya biyu ko uku a kwalbar sifirit. A ruwa ruɓewa suke yi.

A rubuta kwanan wata da adireshin GhanaPost GPS na lambun, a haɗa da kwalbar a kai wa malamin gona ko Cibiyar Binciken Ƙasar Noma ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, da ke Kwadaso. Hoton kuma a ɗora a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a gane irinsu.

Kafin amsa ta zo, kar a ba maƙwabci dashe da ƙasarsa, kuma a kankare takalmi da fartanya, don ƙwan tanar bai wuce ƙwayar gero ba, yana iya bin ƙasar da ta manne. Takin da ake zargi a rufe shi da leda a rana. Zafin digiri 40 na kwana 3 yana kashe ƙwan Amynthas.