Yadda za ka zaga yammacin Luksor a kan keke cikin yini guda

Luksor tana kudancin Masar, tafiyar kusan awa 10 daga Alƙahira a jirgin ƙasa, kuma Kogin Nilu ya raba ta biyu. Gabas ne gari, da kasuwa da otal-otal da tashar jirgi. Yamma kuwa gonaki ne da ƙauyuka, sai haikalan da fir'aunoni suka jera a bakin gonakin, sai duwatsun da suka haƙa kaburburansu a ciki. Yawancin baƙi mota ce ke ajiye su a ƙofar haikali, ta jira su, ta kwashe su zuwa na gaba. Ni shawarata ga mai lafiyar ƙafa, musamman ɗalibanmu na Azhar idan an yi hutu, ita ce ya hau keke, domin rabin abin kallon yana kan hanya ne, kuma wanda ke cikin mota wuce shi yake yi.

Ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, ba lokacin tuƙa keke ba ne. Da ka idar da sallar asuba ka nufi bakin kogi kusa da Haikalin Luksor, ka shiga babban jirgin fito wanda ma'aikata da 'yan makaranta ke shiga. Masu ƙananan jirage za su yi ta kiranka, amma babban ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma cikin 'yan mintoci kun ƙetare. Kada ka yi hayar keke a gabas. A Gezira, ƙauyen da jirgin ke sauke mutane, akwai masu bayar da haya. Ku yanke kuɗin yini tun kafin ka hau. Sannan ka matsa burkin gaba da na baya, ka latsa tayoyi, ka duba ko kaca ta saki, ka sa a ɗaga maka sirdi har ƙafarka ta kusa miƙewa a kan feda. Ka karɓi kwaɗo da sarƙa. Guzurinka ruwa ne kamar lita 3, da malafa, da canji, da katin banki, don yanzu wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi.

Hanyar da ta miƙe yamma daga bakin kogi shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, kuma hannun dama ake bi. Kafin ka yi nisa za ka tarar da Sabuwar Gurna, ƙauyen da Hassan Fathy, masanin zanen gine-gine, ya tsara wajen 1946 domin a mayar da mutanen da ke zaune a kan tsofaffin kaburbura. Da tubalin laka ya gina shi, ya yi masa rufin ƙubba irin na Nubiyawa. Siminti ya cinye yawancin gidajen, amma masallacin yana nan ana sallah a cikinsa. Ka shiga ka ji sanyin ɗakin. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin bakan gizon maginan Zazzau zai gane abin da mutumin yake nema.

Kimanin kilomita 3 daga kogi, a gefen titi, gumakan Memnon biyu ke zaune, kowanne tsayinsa kusan mita 18. Siffar Fir'auna Amenhotep na Uku ce, kuma sun shekara wajen 3,400 a wurin. Kallonsu kyauta ne, minti goma ya isa. Gaba kaɗan ofishin tikiti yake, kuma nan ne za ka tambayi tikitin duk wuraren da ka zaɓa kafin ka wuce. Uku kawai nake zaɓa: Deir el-Medina, Medinet Habu da Ramesseum.

Ka fara da Deir el-Medina tun rana ba ta buɗe ba, domin kwari ne tsakanin duwatsu, babu inuwa. Nan ne ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna suka kuma ƙawata su da zane. Gidaje kusan 70 ne a jere cikin ganuwa, kana iya ganin ɗakuna da madafa da lungun da ya ratsa tsakiya. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku hatsin da ake biyansu da shi ya yi jinkiri, sai suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikalai suna cewa yunwa suke ji. Masana na ɗaukar wannan a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Ka sauka kabarin Sennedjem, ɗaya daga cikin ma'aikatan da suka zauna a ƙauyen tun kafin wannan yajin, ka ga yadda aka zana shi da matarsa suna huɗa da girbi, launin kamar jiya aka shafa.

Daga nan gangarawa za ka yi kudu zuwa Medinet Habu, haikalin shi wannan Ramses na Uku. A nan nake daɗewa. Ƙofarsa an yi ta ne da siffar hasumiyar yaƙi irin ta ƙasar Sham. An sassaƙa rubutun jikin bango da zurfi har hannu na iya shiga, amma kada ka taɓa. A bangon arewa ta waje akwai yaƙin ruwa da aka gwabza da maharan da suka zo ta teku, jirage sun kife, mutane na nutsewa. Idan ka shiga fili na biyu ka ɗaga kai, shuɗi da ja suna nan a ƙarƙashin rufi. Ba ya cika da jama'a, za ka samu inuwar ginshiƙi ka zauna.

Azahar ta same ka a Kom Lolah, ƙauyen da ke daura da haikalin. Ka yi sallah, ka ci wake da suke kira ful, ka nemi aish shamsi, burodin mutanen kudu da ake shanya ƙullinsa a rana ya kumbura kafin a gasa. Zoɓo sunansa karkade. Ka huta sosai, sannan ka hau keke ka kutsa cikin ƙauyen a hankali kana duban bangayen gidaje. Inda ka ga an zana Ka'aba da jirgin sama ko na ruwa, da sunan mutum da shekara, to mai gidan ya sauke farali. Ka yi sallama ga duk wanda ka wuce. Za a ce maka "itfaddal", wato bismillah, kuma sau da yawa da gaske ake nufin ka sauka ka sha shayi. Kada ka ɗauki hoton mata ko cikin gida ba da izini ba.

Ramesseum, haikalin Ramses na Biyu, na la'asar ne. Mutane na tsayawa a wajen ƙaton gunkin Ramses na Biyu da ya faɗi ya farfashe, amma ka zagaya baya ka ga jerin rumbunan tubali masu rufin baka inda ake tara hatsi, sama da shekara 3,000 laka ba ta rushe ba.

A komowa ka bar kwalta ka bi hanyoyin ƙasa na gefen magudanan ruwa, cikin rake da alkama da dabino. Idan ka rikice, ka bai wa duwatsu baya, kogi yana gabanka. Daga Janairu ake sarar rake, don haka za ka haɗu da amalanken jakai da taraktoci maƙare, ka kauce musu. Akwai siririn layin dogo na ɗaukar rake da ke ratsa hanyoyi. Ka tsallaka shi a miƙe, idan ka bi shi a karkace taya za ta faɗa ciki ta kayar da kai. Kome zafi kada ka sa ƙafa a ruwan magudana, saboda tsargiya.

Kwarin Sarakuna, inda Howard Carter, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, hawa ne na kilomitoci cikin dutse tsagwaro, kuma kekunan haya yawanci ba su da giya. Ka ware masa wata safiyar, ka haɗa shi da haikalin Sarauniya Hatshepsut. Ka mayar da keken kafin magariba, domin ba kasafai suke da fitila ba, wasu direbobin ƙauye kuma da daddare ba sa kunna tasu.